Waƙa ta Bakwai

Saura kwana uku a ƙaddamar da albam ɗin Siddiƙa, Mikail ya kira ta a waya ya ce ta ajiye duk abin da take yi ta zo situdiyo. Mikail shi ne mai haɗa mata sauti, mutum mai sanyin jiki har ya yi yawa, amma ranar nan ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

Shekara biyu cur yarinyar nan ta yi tana bin lungunan unguwar Gwange da 'yar rakoda, tana durƙusa wa tsofaffi su rera mata waƙoƙin niƙa da na daka da na noma. Ƙa'idarta ɗaya ce: kafin kowace waƙa ta fara, sai an ji muryar tsohuwar da ta ba da ita, tana faɗin sunanta da garinsu. Waƙa tara ce, takwas duk da masu su. Ta bakwai ce kaɗai babu murya a gabanta. Waƙar reno ce da Siddiƙa ta tashi da ita a baki, sai ta rubuta a bayan kwali cewa daga mahaifiyarta ta samo. Kuma ita ce gidan rediyo ya fara sakawa, har masu keke napep suka haddace ta.

To ita ce ta jawo magana. Mikail ya ce wata mata mai suna Phebe, tela ce a unguwar Moduganari, kwana uku ke nan tana zuwa ta zauna a kan benci, ba ta faɗa ba ta zagi, cewa kawai take waƙar tata ce kuma sai an nuna mata wanda ya bayar. Har gidan rediyo ta je, su kuwa nan take suka dakatar da sakawa. Ya ce ko dai a kawo shaida kafin Asabar, ko a fasa taron.

Ran Siddiƙa ya ɓaci ba kaɗan ba. Ita da ta yi suna a kan cewa ba ta cin haƙƙin kowa, ita za a kira ɓarauniya? Ta ce ai shaida tana gida, a ba ta zuwa gobe.

Ta tarar da mahaifiyarta, Hajara, tana tsintar wake a tsakar gida. Tun da mahaifin Siddiƙa ya rasu su biyu ne a gidan. Hajara ta saurara har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba, sannan ta ce a cire waƙar kawai, takwas ma sun isa. Dama haka take. Sau nawa Siddiƙa ta roƙe ta ta sa murya a gaban waƙar, kullum sai ta ce ita ba ta da murya. Gaskiya ne kuwa, ko a gidan biki ba a taɓa jin ta buɗe baki ba.

"Umma, idan na cire ta na amsa laifi ke nan," in ji Siddiƙa, hawaye na zubo mata. "Kalma biyu kawai za ki faɗa."

Hajara ba ta ci abinci ba ranar. Washegari da safe, ba tare da an sake roƙonta ba, ta ɗauko hijabinta.

Phebe ta riga su isa situdiyon a unguwar Bolori. Doguwa ce, ramammiya, da tef ɗin awo rataye a wuya, da alama daga kan keken ɗinki ta taso. Aka gaisa sama-sama. Mikail ya kunna waƙar. Matar nan ko kallon sifika ba ta yi ba, Siddiƙa ta kafa wa ido, ta duba goshi, ta duba kunne, ta duba yatsun hannu, har abin ya ishi Siddiƙa ta kau da kai.

Baiti na biyu yana ƙarewa Phebe ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, daga nan ba nata ba ne. Gaskiya ta faɗa. Baiti biyu kawai Siddiƙa ta sani, na ukun ita ta ƙirƙira don waƙar ta yi tsawo, kuma ko Mikail bai san da wannan ba.

Sai Phebe ta ɗora daga inda aka tsaya. Muryarta a dushe take, amma ta yi baiti na uku, ta yi na huɗu, kowanne ya zauna daram. Amshin nan da Siddiƙa ta ɗauka surutun rarrashi ne kawai, ashe kalmomi ne na Bura, harshen da babu mai jin sa a gidansu. Mikail ya cire abin sauraro daga kunne ya ajiye a hankali. Shi ke nan, albam ya tafi, suna ya tafi.

"Ban taɓa rera ta a gaban jama'a ba," in ji Phebe, sannan ta juya ga Hajara. "Shekara goma sha shida ban buɗe baki na yi ta ba. Hajiya, don Allah, a ina kika same ta?"

Siddiƙa ta kama hannun Hajara. Ta ce ta yi wa Allah ta yi magana, ko a wurin maƙwabciya ta ji ta koya mata, ta faɗa a wuce wurin.

Hajara ta juyo ta dube ta.

"Ni ban koya miki ba, Siddiƙa," ta ce. "Ranar da gari ya hargitse, shekara goma sha shida ke nan, marigayi maigidana ya tsince ki a bakin gadar Gwange, ba ki fi shekara uku ba. Ko sunanki ba ki iya faɗa mana ba, wannan waƙar kawai kike yi."