Baƙin Fim ɗin Mumuni

Na damƙi hannun rigar Sirajo mai hoto, na ja shi har zauren mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a bi mini hakkina! Wata biyu ke nan da na kai mashi baƙin fim ɗin kyamara da na tarar cikin akwatin mijina marigayi Mumuni, ya fitar mini da hotunan da ke ciki. Ba ni da hoton mijina ko guda, da wannan kaɗai nike sa rai. Kullum sai ya ce ƙwaƙwalwar kwamfutarshi ta yi kaɗan, hoton ya yi mata nauyi, tana sumewa. Mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ke buɗe shago a Konni?"

Sirajo ya duƙar da kai. "Iya Kubra, da farko gaskiya ne. Amma na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na gama aikin tuni. Tsoro ya hana ni faɗi."

"Tsoron mi?" na ce.

Ya ciro kwamfutar daga jaka ya buɗe. Hoto talatin da shida, babu Mumuni ko a ɗaya. Ashe Mumunin ne ya riƙe kyamarar. Ni ce a duka: ga ni bakin murhu, ga ni bisa amalanke hanyar Bazaga, ga ni na ɗaga ludayi sama. Ko'ina bakina buɗe, ina faɗa.

Mutanen zaure sunka kwashe da dariya. Ni ma ta kuɓuce mini.

"Wanke mini mai ludayin nan, babba," na ce. "Wanda nike nunawa da shi ai Mumuni ne. Yana nan tsaye gabana, ku ne dai ba ku ganinshi."