Baƙon Inno Hure

Ranar da masu awon titi suka shafa jan fenti a katangar bayan gidanta da ke Ƙofar Sauri, Inno Hure ta kasa cin tuwo. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kuɗin mai sun yi wa gari yawa, kowa addu'a yake titi ya bi ta gidansa ya karɓi diyya. Ita kuwa tsoro ne ya kama ta, don ɗakin da za a rushe akwai mutum a ciki.

Baba Bebe ake ce masa. 'Yan unguwa dai sun san wani tsoho ne, wai ɗan'uwan marigayi mijinta, ba ya magana, ba ya leƙa ko zaure. Yana nan tun kafin ɗanta Dabo ya shiga soja a tafi da shi yaƙin basasa. Dabo bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba, sai gidan ya rage daga ita sai baƙon.

Kula kam tana kula da shi, har abin ya wuce misali. Ita ke kai masa abinci da hannunta. In ta sayo ƙosai sai ta juye a kwano, ta jefa jaridar da aka ƙunso shi cikin murhu. Rediyon gidan ma ta kyautar, wai surutu na sa mata ciwon kai, ita da in ta fara zance sai mai sauraro ya nemi hanyar gudu.

Ta je wurin mai unguwa ta roƙa har da kuka, ya ce aikin gwamnati ne, ba mai tanƙwara shi. Katafila ta yi ta matsowa gida-gida. Duk lokacin da injin ya yi ruri, tsohon sai ya maƙure a bayan ƙofa. Inno kan tsaya a waje, tausayi da kunya na cin ta.

Rana ba ta ƙarya. Safiyar da katafila ta iso maƙwabta, Inno ta shiga ɗakin ta durƙusa. Beben ya ɗago kai, ya yi mata tambayar da ya saba, cikin raɗa, da gurguwar Hausarsa: "Maman Dabo, har yanzu ana kashe mu?"

"Tashi ka hita, Nwafor," in ji ta, hawaye na zuba. "Ba mai taɓa ka."

Nwafor tela ne Ibo; ita ta ɓoye shi ranar da gari ya rikice ana kashe mutanensa gab da yaƙin, ita ta ceci ransa. Amma ta sa a ranta cewa muddin tana riƙe da nasu, to can ma wata uwar na riƙe mata da Dabo, shi ya sa yau shekara biyar da gama yaƙi ba ta gaya masa an gama ba.