Gidan Kawu Hammawa

"Dafa Alƙur'ani," in ji alƙalin Azare. "Ban da gidan da ka jinginar wa Alhaji Yelwa, kana da wani?"

Hussaini ya dafa. "Wallahi ba ni da shi. Na Katagum da ake faɗa, na kawuna Hammawa ne."

Alhali Hussaini ne ya saye shi, tun da ya ga gyaɗar bana ta lalace, bashin Alhaji ba zai biyu ba. Sai ya tura kawun gaban mai unguwa a matsayin mai saye, don kada a haɗa a ƙwace.

Alƙali ya ba Alhaji gidan Azare. Hussaini ya fito yana danne murmushi.

"Daina kuka, Saudatu," ya ce wa matarsa. "Muna da wurin zuwa."

Suka ɗora yara da tukwane a kan jakuna. Suka isa Katagum ƙafafu a kumbure, suka tarar da Kawu a zaure yana jan carbi.

"Kawu, mun iso gida."

"Wane gida?"

"Haba Kawu, gidana mana!"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Labari ya riga ka zuwa. Ka rantse da Littafin Allah gidan nan nawa ne. In na ba ka, rantsuwarka ta zama ƙarya."

Ya miƙe, ya kama ƙyaure.

"Ni kuwa ba zan bar ɗan ƙanwata ya shiga wuta saboda gida ba."