Ranar da Narelle Ta Fara Ɗura Harsashi

Narelle ta zazzage jakar a kan teburin Baba Merv, kwansunan harsashi suka watse suna ƙara kamar an zubar da cokula. Tsohon ya tare waɗanda suka nufi ƙasa da gefen hannunsa, ya ce in haka za ta fara, gara ta koma gida ta kama saƙa.

Ba ta yi dariya ba. Lokacin haihuwar tumaki ne, sanyin hunturu, wanda a ƙasar nan a Agusta yake zuwa, na ratsa ƙashi, kuma kowace safiya sai ta kwashe gawarwakin jariran tumakin da yanyawa ta yayyaga a gonar da mijinta Glenn ya mutu ya bar mata. Da can fararen karnukanta biyu ke gadin garken. Makon jiya ta tsinci namijin kwance a bakin rafi, harsashi ya shiga ta bayan kunnensa. Saura macen, Biddy. In ita ma ta tafi, garke ya ƙare, gona kuma sai sayarwa.

Ta san wanda take zargi. Warwick, ƙanen Glenn, tun ranar jana'iza yake mata waƙar cewa mace ita kaɗai ba ta riƙe gona mai rafi irin wannan. Kowa kuma ya san hannunsa ba ya kuskure wajen harbi.

Da gadin garke ya ragu, sai ta ciro bindigar Glenn daga kabad don ta yi maganin yanyawa da kanta. Shagon harsashi yana da nisa, sau da yawa ma ka je ka tarar babu irin naka. A wannan kwarin duk mai farautar yanyawa da kansa yake ɗura nasa, kuma duk wanda ya iya, a hannun Merv ya koya. Shingen waya ne kawai ya raba gonakinsu. Shi ya kawo mata gasasshen naman rago lokacin makoki, shi ya gyara mata famfo, alhali tasa gonar ta bushe ƙurmus, sai da tanka ake kawo wa tumakinsa ruwa.

Merv ya ja ƙofar rumfar kwanon da suke ciki ya danna sakata, wai iska tana rikita ma'auni. Ciki ya yi duhu, sai hasken taga guda da warin man bindiga. Fatun yanyawa na rataye a jere saman kansu.

Ya fara da dokoki. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ake ajiyewa a kan tebur. Ba taba, ba hira lokacin awo. Ba a harba harsashin da wani ya ɗura, ko da ubanka ne. Kuma kwanso ba a barinsa a daji, domin shi ne jarin mai ɗuri: a wanke, a gyara masa baki, a sake cika shi. Ya ce a kwarin nan kowa ya san kwansonsa kamar yadda ya san tsagar kunnen tumakinsa. Na Glenn ɗigon baƙin fenti ne a gindi.

Narelle ta ɗaga kai da jin haka. Akwai tambayar da ta zo da ita, ta bari sai ya gama.

Ya riƙe hannunta ta ja mariƙin injin matsi, ta auna albarushi tana ɗauke numfashi, ta zaunar da kan harsashin. Na farko ya fito a karkace, Merv ya ce wannan ko bango ba zai samu ba. Na gaba ya fito sumul. Ya juya shi a yatsunsa ya ce Glenn sai da ya ɓata rabin gwangwani kafin ya yi irinsa.

Yana goge hannu ya tambaye ta inda Biddy take kwana yanzu. Ta ce a kicin, kusa da murhu.

"Haba 'yata, kare mai gadi a kicin? Gobe sai ki saya mata bargo da matashi. Ki sake ta a filin rafi yau. Ni da asuba zan zaga in busa wa yanyawa usur ɗin da ke janyo ta ga maharbi, zan sa miki ido a kanta."

Ta yi godiya. Ta ce za ta sake ta.

Sai ya jawo sauran kwansunan gabansa ya shiga tacewa, yana ba ta labarin farin da aka yi yana saurayi. Ko kallonsu ba ya yi. Yatsunsa ne ke aikin, mai tsagaggen wuya gefe, mai kyau gefe. Can hannun ya tsaya cak a kan ɗaya. Ya ɗaga shi wajen taga, fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga ɓatacciyar tunkiyarsa.

"Ɗan banza, ashe kana nan. Wannan ba na Glenn ba ne, nawa ne. Ga tsagar magagarina a gindi. Tun makon jiya nake laluben ciyawa har gwiwata ta ƙage."

Ya jawo akwatin harsasansa, ya buɗe, ya jefa kwanson cikin ramin da ya rage babu kowa. Ya shige daidai.

"A ina kika tsince shi?"

Bai rufe baki ba murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa. Narelle ta dubi sakatar ƙofa, ta dubi bindigarsa da ke jingine kusa da gwiwar hannunsa. Tambayar da ta zo da ita ke nan, ta cusa kwanson cikin na Glenn don tsohon ya gaya mata ko na wane ne, domin a ciyawar bayan wani kututture ta tsince shi, daura da gawar karenta.