Zugazugin Tsohuwar Mota

Misalin mai gaggawar neman ƙarfi kamar wani tsohon makaniki ne da ke da doguwar motar Amurka irin ta da, mai faɗin ƙirji, mai fitilu kamar idon saniya. A cikinta aka kawo masa amaryarsa daga wani gari da ke kan dutse. Da tsufa ya cim musu su ukun, shi da matar da motar, sai matar ta roƙe shi abu ɗaya tun ƙafa ba ta gagare ta ba: motar da ta sauko da ita ta hau da ita ganin gida. Ya ɗauki alkawari, alhali motar ko gadar bakin kasuwa sai da tari take hawa.

Sai ya nemo supacaja, wata na'ura da Amurkawa kan ɗora wa injin irin waɗannan motoci har ta leƙo ta saman bonet. Aikinta na zugazugin maƙera ne: ta ɗura wa inji iska, wutar cikinsa ta ƙara ci, ƙarfi ya ninku. Ya daɗe yana shafa ta, yana jinjina wa hannun da ya ƙera ta, ɗoki kuma ya sa ya ɗaura ta a ranar. Yana tayarwa motar ta yi kuka ɗaya, ta feso hayaƙi, ta mutu. Nan ya tuna abin da ya daɗe da sani: na'urar ba ta da ƙarfin kanta, da bel take jan na injin kafin ta mayar masa ninki. Gajiyayyen inji kuwa ba shi da na bayarwa, ba ya kuma riƙe abin da aka ba shi. Ya zauna a bakin taya, kunya ta hana shi shiga gida. Matar ta kawo masa ruwa, ta ce, "Maigida, dutsen ba inda za shi, ni ma ina nan."

Ya sauke na'urar, ya kwance injin kaf, ya sake fistan da ringi, ya kwashe damina yana gyaran abin da ido ba ya gani, sannan ya mayar da na'urar kan injin. Da kaka suka kama hanya. A gindin dutsen ya taka mai, supacajar ta saki wani siririn kuka mai tsawo kamar guɗa, motar ta haura ba ko tari. Ya waiwaya, ya ga tsohuwar ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya, kamar ranar da aka kawo ta.

Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.