Ranar da Aka Karɓe Makullin Abdulfattah

Abdulfattah direba ne a wani asibitin gwamnati a Birnin Gwari. Shi ke kai ma'aikatan riga-kafi Kuyello da Randagi, ta hanyar da ta ratsa daji, wadda kowa ke shiga da addu'a a bakinsa. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar da ke gabansa, tsoro ke kama shi in ya hau wannan hanya. Wani abokinsa ya ba shi ƙwayar tiramol, ya ce tana kashe tsoro da gajiya. A hankali ta zame masa jiki, har ba ya iya tayar da mota sai ya haɗiya.

Da aka sanar cewa za a yi wa ma'aikata gwajin ƙwaya da barasa, ya yi ta faɗa a gareji. "Neman korar talaka ne kawai. Ni da ban taɓa buge ko akuya ba?"

Gwajin ya kama shi. Madam Beatrice, shugabar sashensu, ta kira shi ofis ta rufe ƙofa.

"Malam Abdulfattah, ba ni makullin motar."

"Madam, ki rufa mini asiri. Ina da iyali."

"Su ma waɗanda kake ɗauka suna da iyali. Ba korarka aka yi ba, tuƙi aka dakatar da kai. Ka je ka ga likita a Kaduna."

Ya ajiye makullin ya fita ko sallama babu. Bai je Kaduna ba. Ya koma gida yana tsine mata a zuci, ya ci gaba da shan abarsa.

Ranar da ya kamata ya kai ma'aikata Randagi, yana tsaye tsakar gida da hantsi sai jiri ya ɗebe shi. Ya faɗi kan murhu yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin matarsa Saude ta janye shi, wuta ta ƙone masa hannun dama.

A asibiti likita ya ce ƙwayar ce, kuma tana iya kayar da mutum ko'ina ba sanarwa. Saude ta matso kusa da gadon.

"Baban Zulaiha, da ba a karɓe makullin nan ba, da a ina abin zai same ka?"

Ya san amsar. Da yana tsakiyar daji a guje, da mota cike da mutane. Ya juya fuskarsa bango, hawaye na zuba.

Ya yi watanni yana jinya kafin ya rabu da ƙwayar. Yatsunsa sun ƙanƙance, tuƙi ya ƙare masa, aka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya. Ranar da ya dawo aiki, ofishin Madam Beatrice ya fara zuwa.

"Madam, na zo neman gafara, na zo godiya. Hannu na rasa. Da kin ji roƙona, da rayuka ne a wuyana."

"Allah muka gode wa," in ji ta. "Sannu da dawowa."

'Yan uwa ma'aikata, gwajin nan ba tozarci ba ne, kariya ce gare ku da waɗanda aka ba ku amanarsu. Wanda ya san yana sha, ya nemi magani tun ƙafarsa na kai shi.