Zafin Injin Sajo

Ba a daɗe da idar da sallar la'asar ba tiransifomar unguwar ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga. Hajiya Halima Sa'adiya ta fito tsakar gida tana share gumi da gefen mayafi, ta hangi baƙin hayaƙi yana tashi ta saman katanga.

Karo na uku ke nan. Da ta ƙone bara, wata huɗu wannan sashe na Gwarzo ya yi babu wuta, domin zamani ne na tsuke bakin aljihu, kananzir ma ya gagari gidaje da yawa. Injiniyan da ya zo gyara ya faɗa musu gaskiya: tiransifomar ba za ta ɗauki kowa lokaci guda ba. Daga la'asar zuwa isha'i, sa'ad da gidaje ke kunna fanka da fitila, dole masu manyan injuna su kashe nasu, da safe su yi aiki son ransu. Hajiya ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta rubuta yarjejeniyar da hannunta. Aka karanta a ƙofar masallaci, masu niƙa da masu walda da mai yankan katako suka dangwala yatsa.

Kwamitin unguwa ba shi da na'urar awo. Abin da yake da shi hannun Dalhatu ne. Kullum bayan la'asar Dalhatu kan bi shago shago yana ɗora tafinsa a kan kowane inji, wanda ya ji da zafi mai shi ya karya alkawari. Shaguna kaɗai yake bi, domin cikin gida ba wurin shigar namiji ba ne.

Ihu ya taso daga bakin titi. Kafin Hajiya ta kai zaure, Sajo mai walda ya faɗo ciki, rigarsa a yage, jini na zuba daga girarsa. Mutumin Kabo ne, wata shida ke nan da ya kama shagon da ke jikin katangarta, ba shi da kowa a unguwar.

"Inna, ki cece ni. Wallahi tun azahar ban kunna ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san injinsa a ƙarƙashin rumfar kwano yake, yana fuskantar yamma, rana na gasa shi har ta faɗi. Ta tura shi bayanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

Sun fi mutum arba'in. Maikuɗi mai injin niƙa ne a gaba, riƙe da ƙarfen tayar da inji.

"Hajiya, da girmanki, ki matsa."

"Maikuɗi, 'ya'yanka mata uku a hannuna suka koyi baƙi. Yau ni za ka ce wa in matsa a ƙofar gidana?"

"Dalhatu ya taɓa. Ya kusa ƙona masa hannu!"

"Rana ce ta yi zafin. Yanzu akwai Shari'a a ƙasar nan. Ku kai shi gaban alƙali, ku kawo shaidu. Ba shi ba ne."

"To wane ne?" in ji Dalhatu, yana huci. "Duk sauran injunan unguwar nan na taɓa, sanyi ƙalau. Wani ne ya ja wutar. In ba shi ba, ki faɗa mana, mu ƙyale shi yanzu."

Sajo ya kama gefen mayafinta. Ta dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da shekara talatin suke rusunawa idan ta wuce. Ta sunkuyar da kai.

Dutse na farko ya same ta a kafaɗa. Aka bangaje ta gefe, aka jawo Sajo ta ƙafa, kansa na bugun dokin ƙofa. A tsakiyar titi Maikuɗi ya sauke masa ƙarfen a hannun dama, ta ji ƙarar ƙashin daga inda take. Wasu suka kwaso rodi daga shagon waldar. Sajo ya kira sunan Allah, ya kira ta, daga baya ya daina kiran kowa. Ba su tsaya ba sai da aka ji jiniyar 'yan sanda, kowa ya watsar da abin hannunsa ya shige lungu.

Da aka ɗora shi a bayan mota, an lulluɓe shi har fuska.

Liman ya iso yana salati. Ya tsaya nesa da ita kaɗan, ya ce duk unguwar nan ita kaɗai ce ta tsaya wa bawan Allah, kuma zai faɗi haka a gaban kowa. Ta amsa da kai, ta koma ciki, ta sa sakata.

Ta wuce ɗakinta zuwa ƙuryar da ba ta bari kowa ya leƙa. A nan take dafa gullisuwar da wata mata ke kai wa kasuwar Kabo a rufe, ba tare da ambaton mai ita ba, domin bai kamata a ji shugabar makaranta ta koma sayar da alewa ba. Madara ta kama a gindin tukwane. Hajiya ta sauke su, ta ɗauko bokiti, ta shiga kwara wa rishon lantarkinta guda shida ruwa ɗaya bayan ɗaya, don su huce kafin wani a kwamitin ya tuna cewa matarsa ma tana da tafin hannu, kuma ita tana iya shiga cikin gida.